Ranar da Aka Yi wa Inna Mai Goge Liƙi

Na sauka Landan da ƙaramin ciki, a shekarun da kuɗin fetur suka fara hawa wa mutanenmu ka. Maigidana yana karatun akanta, gwamnatin jiharmu ce ta turo shi. Muna zaune a Deptford, a saman wani tsohon gida kusa da layin kasuwa. Da safe yake fita, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ni kuwa Turancina na firamare ne, sai in wuni ina kallon ruwan sama ta taga.

A ƙasanmu akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Ailan. Mijinta ya rasu, tana dafa wa yara abinci a wata makaranta. Wata la'asar na ji sautin goge yana tasowa daga ɗakinta, sai na kasa kunne, don ya yi kama da kukumar da nake ji a garinmu ranar kasuwa. Na sauko na zauna a matakala ina saurare. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni ina share hawaye, ba ta tambaye ni komai ba, hannuna kawai ta kama ta shigar da ni, ta ɗora shayi. Tun daga ranar nake ce mata Inna. Na gaya mata ma'anarsa, ta ce ta karɓa.

Ashe kiɗa sana'arta ce ta ƙarshen mako. Su uku ne: ita da gogenta na Turawa, sai ƙanenta mai aiki a masana'antar motoci ta Dagenham, wanda ke matsa wani abin kiɗa mai kama da zugazugin maƙera, sai 'yarsa mai buga ganga mai fuska ɗaya irin bandiri. Duk Asabar ana ɗaukarsu bikin aure ko na haihuwa a wurin mutanen ƙasarsu. Wani lokaci ƙanen yakan ɗauko wani abu mai tsirkiya kamar gurmi, ya kaɗa irin na mutanen ƙauyen Amurka, don ya taɓa zama can.

Inna ta fara tafiya da ni. Ni ke riƙe mata akwatin goge a bas. Rawarsu ba irin tamu ba ce: a yi layi biyu ana fuskantar juna, mutum ɗaya yana kiran abin da za a yi, a matso, a ja baya, a saƙala hannu a juya, har tsofaffi masu sanda. Ni cikin mata nake shiga, ina ɓata musu layi suna dariya. Maigida ya sani sarai. Da bakinsa ya ce gara hakan da ya dawo ya tarar da idanuna a kumbure.

Su Inna ma ba sonsu ake yi a garin ba. Lokacin ana ta tashin bama-bamai da ake ɗora wa 'yan ƙasarsu, duk wanda aka ji harshensa na Ailan sai a bi shi da harara a kanti. Inna ta ce mini tagogin da ake rubuta ba a ba baƙar fata haya, su ne ake rubuta ba a ba mutanenta.

Da naƙuda ta zo, maigida yana ɗakin jarrabawa. Inna ce ta kai ni asibiti, ita ta riƙe hannuna har 'yata ta faɗo. Da muka dawo gida ita ta riƙa dafa mini ruwan wankan jego a manyan tukwane tana hawa da su sama, tana mita cewa zan dafa kaina.

An raɗa suna a masallaci, biki kuwa aka bar shi sai na yi arba'in. Maigida ya kama hayar wani ɗan zauren taro na ƙaramar hukuma. Na ce wa Inna abin da ke damuna shi ne bikin 'yar fari babu ko kalangu. Ta ce, “Mu fa? Za mu zo mu ukun. Kuma kada mijinki ya yi mini zancen biya, jikata ce.” Ta sa na rera mata waƙar da nake lallashin jaririyar da ita, ta bi ta da goge har ta iya, ta ce da ita za su rufe.

Ranar biki da azahar aka fara. Ɗalibai da matansu suka zo, da wasu ma'aikatan gidan rediyo, aka ci shinkafa da naman rago da muka samo da ƙyar. Su Inna suka zauna a gefe suka kama kiɗa. Da farko mutane sun yi ta kallon juna, amma da 'yar ƙanen ta jera mata layi biyu tana nuna musu da hannu, kafin wani lokaci zauren ya kaure da shewa, gyale yana faɗuwa ana takewa. Ban taɓa jin daɗi a ƙasar nan kamar na wannan yammacin ba.

Sai ga Alhaji. Mutumin garin su maigida ne, da can ɗan kamasho a tasha, yanzu ya samu kwangilar shigo da siminti, ya zo Landan sayen gida. Ya yi wa maigida alkawarin kujera a kamfaninsa in ya gama karatu. Ya shigo da mutanensa, babbar riga tana ƙara, maigida ya ruga ya durƙusa yana “Ranka ya daɗe, sannu da zuwa.”

Alhaji ya tsaya yana kallon makaɗan, sai ya fashe da dariya. Ya ɗaga murya ya ce, “Allah mai iko! Yau ga Nasara suna mana roƙo. Jiya su ke mulkinmu, yau mu ke ciyar da su.”

Mutanensa suka kwashe da dariya. Daidai lokacin Inna ta kama waƙar jaririyar, ta ɗago tana nemana da ido tana murmushi. Alhaji ya taka har gabanta, ya zaro takardun fam daga aljihu, ya fara manna mata a goshi.

Na san liƙi ba zagi ba ne. A gida girmamawa ce, ni ma an yi a bikina. Amma na ga yadda ya yi shi. Da yatsa yake danna mata a goshi har kanta na komawa baya, yana waiwayen mutanensa yana cewa, “Tsohuwa, wasa ni! Ku gaya mata ta ambaci sunana.” Inna ta tsaya da kiɗa. Takardun suka zubo kan cinyarta, wasu suka faɗi ƙasa. Ya nuna su da bakin takalmi, ya ce mata da Turanci ta tsince.

Ƙanenta ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. Inna ta dafa hannunsa ya koma ya zauna. Ta kaɗe siket ɗinta, ta sa gogen a akwati ta rufe.

Na miƙa wa wata jaririyar, na zo na ce, “Alhaji, wannan uwata ce a garin nan. Ba roƙo ta zo ba.”

Bai ko dube ni ba. Ya juya wurin maigida ya ce, “Ashe iyalin naka har ta iya rawar arna? To, ka kula.”

Na jira in ji abin da maigida zai ce. Ya san wadda ta kai ni asibiti, ya san wadda ta hau matakala da tukwanen ruwan zafi. Sai na ji ya ce, “A yi haƙuri, ranka ya daɗe, yarinta ce.” Sannan ya duƙa da kansa ya tsince kuɗin, ya bi su Inna har bakin ƙofa yana tura wa ƙanen a aljihu. Mutumin ya ciro su ya ajiye kan tebur kusa da kwanukan shinkafa, suka fita. Wani ya kunna kaset, biki ya ci gaba.

Washegari na sauka wurinta da jaririyar. Ta karɓe ta, ta zuba mini shayi kamar kullum. Can ta ce, “'Yata, me ya faɗa lokacin da ya shigo, da kowa ya yi dariya?”

Na so in sassauta, amma ba ta cancanci ƙarya daga gare ni ba. Na fassara mata duka da guntun Turancina. Ta ce, “Ni na mulke ku? Mahaifina bai taɓa mallakar gonar da ya mutu yana nomawa ba.” Daga nan ta ce, “Na ga har da waɗanda suka yi rawa cikin masu dariyar.” Wannan kam ni ma na gani.

Da na hau sama na ce wa maigida ya sauka ya ba ta haƙuri. Ya ce shi bai ga abin haƙuri ba, an ba ta kuɗin da ba za ta samu a wata guda ba ta ƙi. Na ce, “Kai ma ka san ba shi ne zancen ba.” Ya ce abin da ya sani shi ne ina neman ɓata masa gaba saboda mai goge, kuma daga yau babu ni babu fitar Asabar. Da ya hana ni don addini ne, da na fahimta. Amma watanni ina zuwa da saninsa, bai ga laifi ba sai da mai siminti ya gani.

Inna ba ta juya mini baya ba. Tana karɓar yarinya, tana aiko mini da burodin da take gasawa. Amma ta daina gaisa da maigida, kuma in ta ji takunsa a matakala sai ta ajiye gogen. Ranar Asabar ina kallonta ta taga tana tafiya tashar bas, akwatin a hannunta, tana sauya shi daga dama zuwa hagu saboda ciwon kafaɗa.

Maigida ya gama karatu, Alhaji ya cika alkawari, muka koma gida. Mun samu mota da gida mai bene. Shekara da shekaru, in baƙi suka cika falo, maigida yakan ba da labarin ranar da Turawa suka yi masa kiɗa a Landan, har ya kwaikwayi yadda tsohuwar ta zare ido da aka manna mata kuɗi. Sai a yi ta dariya, ni kuma in tashi in shiga kicin. Har ya rasu bai taɓa cewa bai kyauta ba.

Da 'yar tawa ta girma ta tafi Landan karatu, na kwatanta mata layin. Ta je ta tarar an rushe gidajen an gina dogayen benaye. Ta tambayi masu kantuna, ta shiga cocin unguwar, babu wanda ya san inda dattijuwar ta koma.