Injin da Fannami Ya Zaɓa

Fannami mutumin Guri ne, ɗan masunta. Shekarar da kogi ya cika ya cinye musu gona da rumbu, sai ya ɗauko matarsa Gumsu da ɗansu Zarami ya taho Haɗeja neman abin yi. Bai samu ba sai yankan ciyawa a bariki, gidan Baturen mulki. Ya karɓa da niyyar ya ga ƙarshen damina, ashe a kan aikin zai tsufa.

Filin gidan makeke ne, an shuke shi da ciyawar ƙiri-ƙiri. In ruwa ya zauna, kafin a kai ƙarshensa farkon ya sake tofowa. Su huɗu suke yankan da langalanga, Fannami ne babbansu. Shi da abokinsa Shu'ibu sukan jera a sunkuye, hannu ɗaya a baya, suna sara suna hira. Ciyawar da suka yanka tasu ce. Gumsu ta ba awakinta, Shu'ibu kuwa ya kai wa masu dawaki.

Cikin 'ya'yan da Gumsu ta haifa, Zarami kaɗai ya rayu. Ya zama saurayi ƙaƙƙarfa, amma ba ya son langalanga, ba ya son komawa su. Kullum yana tasha yana kallon direbobi, maganarsa ɗaya, zai tafi Kano.

Ana nan aka kawo sabon Bature, wanda mutane suke kira Mai Lofe. Wata safiya ya kira Fannami, ya buɗe masa wani littafi mai hotuna. Tafinta ya ce, "Bature zai sayi injin yankan ciyawa. Ga wanda ake tura shi da hannu, zai buƙaci mutum biyu ko uku. Ga kuma mai kujera, hawansa ake yi, mutum ɗaya ya isa. Ya ce kai ka san filin, kai za ka zaɓa."

Fannami ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Kafin la'asar Shu'ibu ya ji labari. Ya same shi a gindin rijiya ya ce, "Fannami, ka zaɓi na hannun nan. In mai kujera ya zo, mu ina muka nufa?"

A gida kuwa, da Zarami ya ji, har tsaye ya miƙe. "Baba, ai wannan ƙaramar mota ce! In aka kawo shi ni zan tuƙa. Me kuma zan je nema a Kano?"

Gumsu ta dakata da damun fura tana kallon mijinta. Washegari Fannami ya ɗora yatsa a kan mai kujera.

Jirgin ƙasa ya sauke injin a Malam Madori, mota ta ƙaraso da shi, tare da makaniken da ya koya wa Zarami tuƙi. Ƙarshen wata aka sallami Shu'ibu da sauran biyun. Shu'ibu bai yi faɗa ba. Ya ba Fannami hannu ya ce, "Allah ya raya maka Zarami." Ya kwashe iyalinsa ya koma Kafin Hausa yin ƙodago. Injin kuma marmashe ciyawa yake yi, ba a samun ta ɗauri. Gumsu ta riƙa sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, daminar farko Fannami ya ji daɗinta. Yakan tsaya a inuwa yana kallon ɗansa bisa inji, hula a karkace, yana kewaya fili. Da yamma su koma gida tare.

Zarami yana da kai. Kafin shekara ta zagayo ya iya kwance injin ya ɗaure. Wani mai motar ɗaukar gyaɗa daga Nguru ya ga aikinsa, ya ce ya zo ya koya masa babbar mota.

Fannami ya ce, "Ba kai ka ce ba inda za ka ba?"

"Baba, wannan ba tafiya ba ce. Zan riƙa zuwa."

Ya zo sau biyu. Daga nan sai saƙo ta bakin direbobi, daga baya aka ce an gan shi a Kurmi, can kudu. Sai shiru.

Fannami ya hau injin da kansa. Gwiwa ta riga ta gaji, ido ya soma hazo. Ran nan ya afka da shi cikin lambatu, wuƙar injin ta karye, shi kuma kafaɗarsa ta goce. Mai Lofe bai yi masa tsawa ba. Ya sa aka kai shi asibiti, ya kawo wani direba, ya mai da Fannami kan ban ruwan furanni. Haka ya riƙa jan bokiti a gefen filin, ƙarar injin tana bin sa duk inda ya juya.

Wata ranar kasuwa ya tafi Kafin Hausa neman Shu'ibu. Ya tarar da matarsa Mairam tana sayar da daddawa. Ta ce Shu'ibu ya rasu tun bara, ciwon ƙirji. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa, har ta tambayi lafiyar Zarami. Fannami ya ce lafiya lau, ya yi addu'a ya tashi.

Da ƙarfi ya ƙare, shi da Gumsu suka koma Guri. Yana gyara wa masunta koma da lalube, su ba shi kifi. Ya rasu da kaka, shekara guda kafin Turawa su tafi. Gumsu ta ba duk direban da ta samu saƙo ya gaya wa Zarami. Har ita ma ta bi mijinta, ba wanda ya san ko saƙon ya isa.