Shekarar da Wuta Ta Ƙare Mana a Rumde

Jiya da hantsi ina cikin keke zan tafi makarantar da nake koyarwa, sai muka bi ta bayan wani gida inda ake ƙona ɗanyen itacen darbejiya. Wanda ya taɓa shaƙar wannan hayaƙin ba ya mance shi. Ɗaci gare shi, yana kama maƙogwaro, idanu su yi ta zubar da ruwa. Mai keke ya yi tsaki ya ƙara gudu. Ni kuwa hayaƙin ya mayar da ni gidanmu na unguwar Rumde a Jimeta, lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu.

Bari in gaya maka yadda gidan yake. Babbar gidan ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Daga Borno suka zo da mijinta, wanda ake kira Malam, tun Jimeta ba ta kai haka ba, shi yana koyar da karatun allo yana kuma taɓa kasuwanci. Ban riske shi ba, amma shi ya dasa darbejiyar da ke tsakar gida, wadda muka tashi a inuwarta. Baba ma'aikacin gwamnati ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, Bafulatanar Yola ce, doguwa, mai ƙarancin magana, tana fama da asma tun tana budurwa. Sai Bappa, ƙanen Baba, direban tankar gas, wanda yake yin sati biyu a hanya ya yi kwana uku a gida.

A ƙuryar gidan akwai wani ɗaki da muke ce wa ɗakin itace, kuma na Kaka ne ita kaɗai. Kowane rani, idan masu akori-kura suka ƙetaro gada daga wajen Girei da busasshiyar kirya, sai ta tsayar da su. Da hannunta take jerawa, manya a ƙasa, ƙirare a sama, har su kusa taɓa kwanon rufi. Ba a taɓa na ciki sai ruwa ya sauka sosai. Ko maƙwabta sun san cewa ranar da aka wuni ana ruwa, murhun gidanmu ba ya mutuwa, don haka sukan aiko a ɗebo musu garwashi.

Matsalar ita ce ƙirjin Dada. Duk ranar da ta yi tuwo sai ta wuni tana numfashi kamar ana busa sarewa a cikinta. Da aka kwantar da ita a asibiti karo na biyu, likita ya ce wa Baba, in yana son matarsa, ya raba ta da hayaƙi. A ƙarshen watan Baba ya shigo da tukunyar gas da murhunta mai kai biyu. Muka taru muna kallon shuɗiyar wutar da ba ta baƙanta tukunya. Cikin wata guda tarin Dada ya lafa, har ta fara yi mana waƙa tana girki. Ina so ka riƙe wannan: Baba bai yi kuskure ba. Abin da ya dace ya yi.

Kaka ba ta hana ba. Ta dai ƙwanƙwasa jikin tukunyar da ɗan yatsa, ta kasa kunne, sannan ta ce wa Baba, "Wutar da ba a ganin yawanta, yaya za a san ta kusa ƙarewa?"

"Inna, mai sayarwa yana nan bakin layi," in ji Baba. "Kullum a buɗe yake."

Shekara ba ta zagayo ba aka kwashe itacen aka raba wa maƙwabta, aka shafe ɗakin da siminti, ya zama na Bappa. Kaka ta zauna a kujerarta tana kallo ana fitar da shi. 

Bappa ne ya fara ba mu labarin inda gas yake fitowa. Idan ya dawo daga kudu, bayan la'asar, yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya mu kewaye shi. Ya ce a bakin teku akwai tankuna da suka fi duk gidajen layinmu girma in an haɗa su. Akwai wani irin gas, ba irin wanda yake ɗaukowa ba, da ake sanyaya shi har ya koma ruwa, a ɗura wa manyan jiragen ruwa su tafi da shi ƙasashe masu nisa. Can kuma, in ji shi, ba sa ƙona shi nan take. Suna da nasu wuraren ajiya, suna tarawa saboda lokacin sanyi ko ranar da hanya za ta toshe.

Kaka tana tsince wake ta ɗago kai. "Ashe su ma suna da ɗakin itace. To mu ina namu yake?"

Bappa ya yi dariya ya daki ƙirji. "Ni ne naku, Inna. Ni da motata."

Damina ta ɗauke ke nan aka ce 'yan bindiga sun shiga Mubi. Kwana uku ba mu ji ɗuriyar Goggo ba, ƙanwar Baba da ke aure a can. Rana ta huɗu da azahar aka buga ƙofa. Goggo ce, ba takalmi, ƙafafunta sun kumbura sun tsage. Bayanta 'yarta ce, da tsohon ciki, tana dafe da bango. Mijin 'yar ya tsaya a hanya neman mahaifiyarsa, ba su sake ganinsa ba. Tare da su akwai maƙwabtansu, har da wata mata Kirista da 'ya'yanta biyu, wadda ita ta riƙa tallafe mai cikin a kan duwatsu. Kafin sati ya ƙare, gidan da muke mu tara ya koma mutum talatin da wani abu. Ana kwana a zaure, ana kwana a ɗakin Bappa, don shi yana kudu.

Abinci bai yanke mana ba, wannan shi ne abin da har yau yake ba ni mamaki. Mutanen unguwa sun kawo masara, abokan aikin Baba sun haɗa buhun shinkafa, wani ɗan kasuwa ya aiko da wake da manja. Amma gas ɗin da yake yi mana wata guda, kwana biyar ya yi. Ana tsakar dafa shinkafa wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Baba ya ɗora tukunyar gas ɗin a bayan babur ya tafi bakin layi, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya zaga Jimeta, ya shiga cikin Yola. Ko'ina magana ɗaya: mota ba ta zo ba. Ana ta raɗe-raɗin cewa garinmu ne na gaba, masu tankuna sun hana direbobinsu tasowa. Bappa ya kira a waya ya ce motarsa cike take amma an karɓe makullin. Kananzir ya ɓace. Masu itace sun daina shiga daji don tsoro, ɗan gawayin da ya rage kuma kafin ka isa an wawashe.

Muka haɗa duwatsu uku a tsakar gida. Tsohon benci muka fara ƙonawa, sai ƙofar akurkin kaji, sai kwalaye. A cikin wannan hali 'yar Goggo ta haihu, da hantsi, a ɗakin Kaka. Mace aka samu, 'yar ƙarama, amma da ƙarfin kuka. Ka san mai jego ba ta yi sai da ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga ruwan wankan jaririya, ga bakuna talatin suna jiran tuwo.

Washegari Kaka ta kira Baba ta nuna masa darbejiya. Ya tsaya yana kallonta.

"Inna, itacen Malam ne fa."

"Don mutane ya dasa shi," in ji ta. "Ga mutanen sun zo."

Maza uku suka hau da adda. Kafin la'asar tsakar gidan ta zama fili, rana ta sauko mana kai tsaye, har na ga kamar ba gidanmu ba. Ganyen aka tara don wankan jego, rassan aka faskara. Amma ɗanye ne sharaf. Ba ya kamawa sai an yi ta fifita, idan ya kama kuma hayaƙi ya fi wutar yawa.

Baba ya kafa doka: Dada ba za ta kusanci murhu ba. Ta ce to. Amma Baba yana fita tun safe da tukunya a bayan babur, ba ya dawowa sai magariba. Matan da suka zo ƙafafunsu duk miki ne, tsayuwa ma da ƙyar. Goggo tana kan mai jego. Kaka ta gwada, bayanta ya hana ta ɗaga tukunya. Matar nan Kirista ta rarrafo ta karɓi muciya, Dada ta maido da ita kan tabarma, ta ce baƙon da ya taka duwatsu kwana huɗu ba zai yi tuƙi a gidanta ba. Sai ta ɗaure hanci da gefen mayafi ta durƙusa. Ni nake yi mata fifita da murfin kwano. Ina jin sarewar nan ta dawo ƙirjinta, kullum tana ƙara ƙarfi.

Rana ta uku na ce zan gaya wa Baba. Ta kama hannuna, idanunta jajur.

"Kada ki ƙara masa nauyi. Kwana nawa ne? Bappanki na hanya."

Ban gaya masa ba. Idan ya dawo ya tambaye ta jiki, sai ta ce masa "jam", wato lafiya da Fillancinta, ta juya baya don kada ya ji numfashin. Ni kuma in sunkuyar da kai.

Rana ta tara, bayan azahar, tana sauke tukunyar ruwan wankan jaririya sai ta zauna a ƙasa. Ta miƙo hannu in ba ta maganin shaƙarta. Ta matsa, ta sake matsawa, numfashin bai buɗe ba. Leɓunanta suka canza launi. Na fita a guje ba ɗankwali na tare keke. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, ta kwana biyu, rana ta uku da safe Allah ya karɓi abarsa.

Bappa ya iso ana zaman makoki. Ya roƙi maigidansa har ya ba shi makulli, ya yi ta tuƙi ba hutu. Ya shigo ya ga babu darbejiyar, ya ga tabarmi a shimfiɗe, ya zauna a bakin zaure ya rufe fuska da hularsa. Da yamma aka kawo tukunyar gas ɗinmu a cike. Ba wanda ya iya kunna ta sai washegari.

Bayan sadakar bakwai na samu Baba na gaya masa komai. Na zaci zai dake ni. Ya kalli kututturen darbejiyar, sannan ya ce, "Na sani. Warin hayaƙi nake ji a mayafinta kullum. Ban san abin da zan ba mutane su ci ba." Kaka kuwa, har ta bar duniya shekara uku bayan haka, ban taɓa jin ta tuna wa kowa maganar ɗakin itace ba.

Yanzu garin ya lafa. Wuraren ɗura gas sun yawaita a Jimeta, kusan kowace unguwa akwai. Amma duk a motar da ke zuwa daga nesa suke rataye. Ranar da hanya ta lalace ko farashi ya tashi, za ka ga layin tukwane har titi, motocin gawayi kuma suna ƙetaro gada ɗaya bayan ɗaya. Nakan ji a rediyo ana maganar gina manyan wuraren ajiya a kusa da mu. Ina sauraro, ina fata.

Jaririyar nan a gidanmu ta girma, don mahaifinta bai dawo ba. Sunan Dada aka sa mata. Yanzu ta shiga sakandare, ta yi tsawo, ba ta da yawan magana ita ma. Kwanan baya ina yi mata kitso ta kira ni da sunan da take kirana, wato yaya da Fillanci, ta ce, "Adda, wai mene ne ya kashe takwarata?"

Na ce mata ciwon ƙirji ne, tun tana budurwa take da shi. Ta gyaɗa kai, na ci gaba da kitso. Ba wanda ya taɓa gaya mata ruwan wa ake dafawa ranar. Ba mu taɓa zama mun yanke shawarar haka ba, amma duk gidan mun yi shiru a kai, kuma ba daga bakina za ta ji ba.