Fuskar Inna

Abin da na fara lura da shi da muka shiga kantin shi ne kyamarorin duka ƙofa suke fuskanta. An jera su cikin akwatin gilashi bisa wani tsohon tawul, kowace da idonta guda, tana kallon mai shigowa. Na sunkuyar da kai. Ban saba a kalle ni haka ba.

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya ɗauko ni daga Karofane zuwa Madawa a bayan babur. Ya dawo daga Abijan don noman damina, ya tarar na ci jarrabawar shiga kwaleji, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce kyamara. Ya yi dariya, amma bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Ni ce ƴar fari. A gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta kiran sunansa. In Inna tana son ruwa, ko ina gabanta, ƙanwata take gaya wa: "Ki ce wa waccan, randa ba ruwa." Ban taɓa shakkar tana sona ba. Ni ake ajiye wa saman kindirmo, a rufe da faifai, ba wanda ya ce ga mai shi. Na san bayan wuyanta, na san tabon ƙuna a gwiwar hannunta, na san yadda take ɗaure kallabi ya karkata hagu. Idonta ne ban sani ba. Ga shi za a kai ni Bouza in zauna gidan abokin Baba, sai hutu in dawo. Ina so in tafi da fuskarta.

Mai kantin ya ciro wata ja, siririya, ya goge ta da gefen rigarsa.

"Wagga ta ƴan mata ce. Danna guda, ta gama aiki. Mi za ki ɗauka da ita? Biki? Ƙawaye?"

Na kafa wa tawul ido. Akwai mataccen ƙuda a kusurwarsa.

"Kurma ce?" ya tambayi kawu.

"Tana ji sarai. Maganarta ce ta hi kayanka tsada."

Suka yi dariya. Mai kantin ya fito da wata mai cin batir irin na rediyo, ya ce ita ta dace da ƙauyen da ba wuta. Kawu ya ce wannan ta yi kama da sabulun wanki. Suka shiga gardama a kaina, ni kuma ina tsaye da tambaya ɗaya a raina. Sai da kawu ya kai hannu zai ɗauki jar na samu ta fito.

"Wace ce ke jawo abin da ke nesa?"

Mai kantin ya dube ni, ya sunkuya ya ɗauko wata ruwan toka, gefenta a goge. Ya danna, idonta ya miƙe ya fito waje. Ya juya ta wajen ƙofa ya ce in duba. Can ƙetaren kwalta wata mata na sayar da albasa. Ya tura wani ɗan maɓalli, sai ga fuskarta ta cika gilashin, har gumin da ke kan hancinta. Ba ta san ana kallonta ba. Na ce wannan kyamarar nake so.

Na ji tana wani ɗan ƙugi in idon zai fito. Amma a kantin rediyo na magana, babura na wucewa, ƙugin bai fi na ƙudan zuma ba. Ban tuna yadda gidanmu yake da safe ba.

Washegari Inna na tatsa, na laɓe bayan rumbu na danna. Ƙugin ya cika tsakar gida. Saniya ta ɗaga kunne, Inna ta ja mayafi ta juya baya ba tare da hannunta ya bar tatsa ba. Na gwada tana daka, na gwada tana tankaɗe. Da ta ji ƙarar sai ta san inda nake. Na naɗe kyamarar cikin zane don ta yi shiru, idon ya maƙale ya ƙi fitowa. Abin da na tara shi ne kafaɗa, ƙwarya, ƙeyar kallabi, da hannu ɗaya a kan taɓarya.

Kawu ya ga ina duba hotunan, ya karɓi kyamarar ya tafi wajen Inna.

"Yaya, tsaya in ɗauke ki, ki daina wahal da yarinya."

Ta tsaya masa jikin bango, hannuwa a miƙe, baki a tamke, kamar mai hoton katin shaida. Ya kawo mini yana murna. Na yi godiya. Matar da ke ciki ban san ta ba.

Ranar tafiya, ana ɗaure buhun gero a bayan babur, na hango Inna zaune bakin ɗaki. Ƙanwata ta faɗi wani abu, Inna ta ɗago ta dube ta ido cikin ido tana dariya, har na ga tana da wushirya. Na tsaya riƙe da jakata. Kawu ya tada babur ya ce rana na yi.

Na ja ƙanwata bayan rumbu, na kunna kyamarar cikin ƙarar babur, na sa ta a hannunta. Na san kallon da zai fito ba nawa ba ne. Na kama yatsanta na ɗora bisa maɓallin.

"Kar ki laɓe, ki tsaya gabanta kurum. Ni zan koma bayan zana. Don Allah ki kira ta, in ta ɗago ta dube ki, ki danna mini nan."