Wasan Kalmomi a Gaban Suruki

Maƙwabcina a Kazaure tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Duk shekarun da ya yi a ofis ban taɓa jin an ce ya gama aikin yau a yau ba. Takardar mutum takan zauna a teburinsa har mai ita ya manta abin da ya zo nema. Da ya yi ritaya sai Allah ya jarrabe shi da wani wasa a waya, ya koma mutumin da ba ya fashi.

Wasan na Hausa ne. Kowace safiya a jero maka kalmomi goma sha shida, ka raba su gida huɗu, kowane gida da kalmomin da suke dangi. In ka yi kuskure sau huɗu, ka faɗi ke nan, sai gobe. Akwai kuma wata 'yar lamba a sama mai ƙirga kwanakin da ka jera kana ci, ranar da ka faɗi ko ka tsallake sai ta goge, ka koma farko. Lambar nan ita ce maƙwabcina yake kiwo. Tun daminar da ta wuce yake tara ta. In muka fito sallar asuba, kafin ka gama tambayarsa yadda iyali suka kwana ya gaya maka inda ta kai. Ni da na yi karatuna a allo, na fi sakewa da ajami, boko kuwa sai na bi shi a hankali, ban taɓa shiga wasan ba. Amma labarin lambar ya ishe ni, kamar yadda ya ishi duk wanda ke sahu ɗaya da shi.

Aka yi wa ƙanin matarsa haihuwa a wani ƙauye bayan Roni, ya roƙe ni in raka shi in yi addu'ar suna. Muka fita da sassafe, bai samu ya yi wasansa ba, ya ce in mun dawo da yamma ya yi. Aka raɗa suna, aka raba goro, sai sama ta sako ruwa mai yawa. Rafin da muka ƙetaro ya cika, masu babur suka ce ba mai tsallaka shi sai gobe.

Kowa yana murna da ruwa, manoma ne. Maƙwabcina kaɗai ya shiga zagaya gari da waya a sama kamar mai neman wata. A ƙauyen nan wuri guda ne waya take kamawa, wani falalen dutse a gefen zaure, kuma a nan surukinsa yake shimfiɗa tabarma bayan azahar.

Surukin tsoho ne ƙwarai, ya daina zuwa gona amma bai daina ba da umarni ba, idonsa kuma garau. Maƙwabcina ya yi furfura, yana da jikoki, amma a gaban tsohon nan ba ya hawa tabarma, ba ya cin abinci, ba ya ɗaga ido. Musu kuwa ba a ma maganarsa. Haka ya zo ya cire takalmi daga nesa, ya tsugunna a gefen dutse, ya juya baya kaɗan ya buɗe waya. Ni ina kan tabarma tare da tsoho.

"Yaro, me kake latsawa tun ɗazu?" in ji tsoho.

"Wani ɗan karatu ne, Baba."

"Karatu ai ba a ɓoye shi. Matso ka karanta mu ji, ga Malam ma."

Ya matso a tsugunne, ya yi bayanin wasan da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya karanto kalmomin a cakuɗe. Akwai saniya, raƙumi, doki da jaki. Akwai gero, dawa, masara da shinkafa. Akwai turmi, taɓarya, rariya da faifai, sai babur, keke, mota da jirgi. Ni kaina da ban iya ba na ga inda kowace ta dosa, dabbobi gidansu daban, hatsi daban, kayan daka daban, abin hawa daban. Daga baya ya ce mini bai taɓa ganin rana mai sauƙi irin wannan ba.

Tsoho ya gyara zama. "Wannan ne ke ba ka wahala? Sa saniya da raƙumi da gero da dawa."

Yatsan maƙwabcina ya tsaya a iska. "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, a wane gida?"

"Gidan zakka mana. Duk ana fitar musu da zakka. Ko ba haka ba, Malam?"

Maƙwabcina ya ɗago ya dube ni, idonsa yana roƙo. To, tambayar addini aka yi mini, kuma ba zan karkatar da hukunci saboda lambar waya ba. Na ce haka ne, ana fitarwa, sai dai masara da shinkafa ma ana fitar musu.

"Na sani," in ji tsoho. "Gurbi huɗu ne, a fara da na gida. Latsa."

Ya latsa. Kalmomin suka girgiza, wayar ta ce ba daidai ba.

Tsoho ya ce, "Wanda ya yi abin nan bai je makaranta ba. To mu bi shi a yadda yake so. Doki, jaki, raƙumi, babur. Duk hawansu ake."

Wannan karon wayar ta ce saura kalma ɗaya ya dace. Maƙwabcina ya karanta masa, tsoho ya yi murmushi. "Ka gani, ta fara jin magana. Babur ɗin ne ba ta so, kuma tana da gaskiya, ya karya mutane da yawa a garin nan. Cire shi ka sa keke."

Ya sa keke. Saura ɗaya dai.

Yanzu kuskure uku ke nan, dama guda ta rage. Mutane sun fara taruwa, 'yan suna da ruwa ya tsare, kowa yana leƙe. Amsar tana gaban maƙwabcina, saniya ce, yaron goye ma ya san saniya 'yar uwar jaki ce a wannan gida. Na ga yana karkata wayar yana duba sama, ina jin addu'a yake ta daina kamawa. Amma dutsen nan bai taɓa riƙe waya da kyau kamar ranar ba.

Sai ya yi ƙarfin halin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko da za a gwada saniya, tunda ita ma..."

"Ita ma me?"

"A'a, cewa na yi ko da."

"Shekarunka nawa kana zuwa gidan nan, ka taɓa ganin an hau saniya? Takarkari ake hawa, saniya tatsa ake yi. Ku mutanen birni sai ku ɗaure mata sirdi." Aka yi dariya. "Sa mota."

Wayar tana hannunsa, tsoho bai iya karanta boko ba, da ya taɓa saniya ba wanda zai kama shi sai ni, ni kuma ba tambayata aka yi ba. Amma in ya ci, wayar za ta nuna gidan dabbobi, kuma tsoho zai ce a karanto masa. Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya ce bismillah, ya taɓa mota.

Kalmomin suka girgiza, wayar ta jero amsoshi da kanta, lambar ta goge.

"Mun ci?" in ji tsoho.

"An gama, Baba."

"Ci na tambaye ka."

"Ba a ci ba."

Daidai nan matar maƙwabcina, wadda ta riga mu zuwa ƙauyen, ta fito da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta ajiye gaban mahaifinta. Tsoho ya dube ta ya ce, "Mijin nan naki akwai ladabi, wannan ban taɓa ƙin faɗa ba. Amma abin da aka ce kullum shi yake yi, ga ni ga Malam muna taya shi, sau huɗu ya latsa bai dace ko sau ɗaya ba. Dama haka yake, ko tsufa ne?"

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Tsoho ya juya ga surukinsa yana jiran amsa.

"Tsufa ne, Baba," in ji maƙwabcina.