Kiɗan da Ya Rage wa Maigidana

Shekarar da masaƙa ta sallami ma'aikata, maigidana ya dawo ƙauyenmu na kusa da Makoɗa da tabarma, da rikoda, da kaset-kaset cike da wata tsohuwar jaka, da kunnuwan da suka kusa mutuwa. Wannan na ƙarshen ni kaɗai na sani. Shekara da shekaru ya yi a tsaye tsakanin injinan saƙa a Kano, a gidan da auduga ce ake shaƙa, amma ba a taɓa samun mai tausayin da zai ce ya toshe kunne da ita ba. Injinan suka cinye masa ji, masu masaƙar suka nuna masa ƙofa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin kowa na ji a jika. Taki ya fi ƙarfin talaka, damina tana gardama, batir kuwa sai a shanya shi a rana a lallaɓa ya ƙara kwana biyu. A cikin wannan hali maigidana zai kwanta a inuwar ɗaki da rana tsaka, ya ɗora rikoda a ƙirji, ya ƙure murya. Ranar farko na ɗauka rikodar ce ta lalace. Ƙara ce kawai, ganguna na rige-rige, wani ƙato yana gurnani. Na fito daga madafa da muciya a hannu na ce, "Malam, wannan wane irin tashin hankali ne?"

Ya kalli bakina, don da ido yake jin magana, ya yi dariya. Ya ce sunansa hebi metal, wato kiɗan ƙarfe mai nauyi, wani Bature makaniken injinansu ne ya bar masa kaset ɗin da zai koma gida. A bakinsa ya ji tarihin abin. Wai a garuruwan masana'antu na Ingila aka faro shi, 'ya'yan leburorin ƙarfe ne da suka tashi cikin hayaƙi da ƙarar guduma, aka zo ana rufe wa iyayensu wuraren aiki, su kuma suka ɗauki jita mai lantarki suka juye haushinsu a kai.

"Kin ga 'yan'uwana ne," in ji shi. "Su ma an tatse su an yar."

Da zama ya yi zama har na soma rarrabewa. Akwai na farkon, mai tafiya a hankali da nauyi kamar shanun huɗa. Akwai wanda ya biyo baya mai gudu, kamar ƙanƙara a kan kwano. Wani mawaƙin muryarsa siririya ce, ta yi sama ta wuce ta mai guɗa, wani kuma daga cikin ciki yake haƙo tasa. Ni ban taɓa sonsa ba, kuma ban ɓoye masa ba. Amma na gane abu ɗaya. Kiran sallah ya daina isa kunnensa, kukan 'yarmu ma haka. Wannan kiɗan ne kaɗai ke ratsa ƙirjinsa ya kai masa. Shi ne sautin da duniya ta rage masa.

To, a wajenmu gona jikin gona take, layin gamba ne kawai iyaka. Kafin mutum ya kai tasa sai ya ratsa ta mutane da yawa, kowa a duƙe da fartanya, kowa zai ɗago ya ce sannu, kai ma ka ce sannu da aiki. Wanda bai amsa ba ya yi babban laifi. Maigidana in an gaishe shi ta gaba ya gani ya amsa, in ta baya ce ko daga cikin gero ya wuce abinsa. Kunya kuma ta hana shi faɗa. Cewa yake mutumin da ya dawo ba aiki bai kamata ya ƙara da kurunta ba.

Da farko aka ce girman kai ne na 'yan birni. Da maƙwabta suka ji gurnanin da ke tsallake danga, sai zance ya sauya, aka ce mutanen ɓoye ne ya kwaso daga masaƙa. Yayansa, wanda gonarsa ke manne da tamu, shi ya ɗauki maganar a ka. Na same shi a zaure na durƙusa na ce, "Yaya, wallahi ba iska ba ce. Kunnensa ne ya mutu."

Bai ko dube ni ba. "Ke, kurma ne yake sayen batir ya saurari kiɗa? Tashi ki shiga ciki."

Da wannan tambaya ɗaya suka gama da shi. Duk wanda na yi wa bayani sai ya maimaita mini ita yana kaɗa kai, wai shi mai hankali. Ba wanda ya ce bari in tsaya a bayansa in tafa in gani.

Wata Laraba da hantsi Yaya ya shigo da mai ruƙiyya daga wani ƙauye, da majiya ƙarfi biyu. Suka danne maigidana a tsakar gida, mai ruƙiyya ya fara yi masa karatu a kunne. Ba da karatun nake faɗa ba, Allah ya sani. Da waɗanda suka yi ta ƙwala shi a kunnen da ba ya ji nake. Mutumin yana ta tsawa, "Faɗi sunanka! Daga ina ka shige shi?" Maigidana yana raba ido, yana neman bakin da zai karanta, su kuma sun juya masa fuska ƙasa. Da bai amsa ba aka ce aljanin mai taurin kai ne. Aka kunna kaset ɗaya don shaida, aka yi rashin sa'a mai gurnanin ne. Mai ruƙiyya ya ja da baya ya ce ga su nan, da bakinsu. Ina ihu ina cewa ku bar shi, matan maƙwabta suka riƙe ni.

Yaya ya tattara jakar duka ya ce zai kai bayan gari ya ƙone. Maigidana bai yi kokawa ba sai a nan. Ya miƙa hannu yana cewa, "Yaya, bar mini ɗaya. Ɗaya tak." Bai san yadda muryarsa ta fito da ƙarfi ba, aka ce kun ji, aljanin ne ke roƙo.

Bayan nan ya yi shiru. Rikodar tana rataye a ƙusa, na samo masa kaset na waƙoƙinmu, ya ɗora a ƙirji ya ce ba ya jin komai. Mutane kuwa suna ta yi mini barka, wai an samu sauƙi.

Da gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka sauko. Wata safiya na raka shi gona da ƙwaryar fura, sai na hango gonar Yaya tana walƙiya. An kafa sanduna, an zare zaren kaset an ja shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana rawa a iska yana wani siririn kuka don korar tsuntsaye. Ashe ba a ƙone komai ba. Abin da aka ce aljanu ne a ciki, har aka danne mutum a gaban matarsa saboda shi, shi ne ke gadin geron Yaya.

Maigidana ya tsaya a kan layin gamba. Ya kama zaren da yatsu biyu a hankali, ya daɗe yana jin yadda yake karkarwa. Sannan ya juyo ya kalli bakina.

"Yana ƙara?"

Na ce yana yi.

Daga cikin gero Yaya ya ɗago ya ce, "Sannunku da fitowa." Maigidana bai ji ba. Ni na ji sarai, na ɗauki ƙwaryata na wuce.