Malam Ubale da Ƙanƙarar da Ya Ɗora a Wuta

Ranar da labarin ya iso, ina tsakiyar dama koko a gidanmu na unguwar Setapak, a Kuala Lumpur. Aka ce mijina Tajuddeen, da ya tafi auna wani tafki a duwatsun wata ƙasa mai sanyi saboda karatunsa, ruwa ya cinye shi. Wai wuta ce a ƙarƙashin ƙasa ta narka ƙanƙara, tafkin ya ɓalle.

Wuta a ƙarƙashin ƙanƙara? Na ce wa suke raina wa hankali? Ba gawa, ba ko takalmi. Matan unguwa suka ce in shiga takaba, na ce sai na san abin da ake ɓoye mini. Duk mai zuwa gaisuwa, bakinsa nake kallo.

Malam Ubale mai gyaran firij ne. Kullum da safe yana kan babur da jakar kayan aiki, daga wannan kedai, wato shago, zuwa wancan. In ɗan Najeriya ya rasu a Kuala Lumpur, shi ke wanka. Ku tambayi maƙwabciyata Barira, shi ya yi wa ƙaninta sutura.

Wata ranar Asabar ya yi sallama ɗauke da dunƙulen ƙanƙara. Ya aza a faranti, ya kewaye da yashi, ya kunna gas kaɗan a ƙarƙashin farantin.

Na ce, "Wa ya turo ka?"

Ya ce, "Ba kowa, Yaya Ramatu. Ni ma ban yarda ba sai da na gwada a shago. Ki dai zuba ido."

Saman bai ko motsa ba. Ina shirin cewa ka gani, sai yashin ya ɓalle, ruwa ya kwararo har ƙafata. Da yamma na cire 'yan kunnena, na shiga takaba.

Malam, kai ne ba ka ce mini in yi haƙuri ba, ka nuna mini. Yanzu ka ce gwiwa ta gaza, za ka koma Zariya. Allah ya saka maka. Ku da kuka rage, in kun ga mai makoki tana tuhuma, kada ku rufe mata baki, ku yi yadda ya yi.

Ni kam har yau, kafin in ɗora koko, sai na zura hannu ƙarƙashin firij. Kullum da ɗumi nake tarar da shi, alhali ga ƙanƙara a ciki.