Hannun Baban Famfo

Shekara talatin da ɗaya Baban Famfo ya yi a ɗakin ƙarƙashin matakala na wani bene mai hawa shida. Ya shigo gidan yana saurayi mai gyaran famfo, tsohon mai gidan ya ba shi ciki da falo a kan ya riƙa kula da bututun ruwa. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya uku, suka girma suka watse. Rufin ɗakin gangare ne saboda matakalar ta kansa ta bi, har ya saba tafiya a sunkuye ko da a fili yake. Matarsa kan ce, "Ni dai aro aka ba ni kai. Benen nan shi ya fara aurenka."

Bututun gidan na ƙarfe ne, kuma sun girme shi. Tsatsa ta cinye cikinsu, ruwa kan fito ja kamar shayi. Yau yoyo a hawa na biyu, gobe a na biyar. Sai ya ɗauki guduma ya fasa bango, ya yanke ruɓaɓɓen, ya ɗaura sabo, ya shafe da siminti. Masu haya su yi ta mita a kan ƙura, in ruwa ya dawo kuma su sa masa albarka.

Da tsohon ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa, mutum mai fara'a da gaggawa, wanda Baban Famfo ya sha ɗauka a kafaɗa yana yaro. Wata safiya ya zo da wani injiniya da mota cike da tiyo da jarkoki.

"Baba, an daina fashe-fashe," in ji ɗan mai gida. "Bututun za a yi wa riga ta ciki."

Injiniyan ya yi bayani. Za a kashe ruwa, a busar da bututu da iska mai zafi, a hura yashi ya kankare tsatsar. Sannan a hura wani ƙaro da ake ce wa efoksi ya shafe cikin tas. In ya bushe, an sami sabon bututu a cikin tsoho, ba a taɓa bango ba.

Matsalar ita ce babu takardar zanen gidan. Inda kowane bututu ya bi, inda ya karkata, inda aka toshe shi tun da daɗewa, duk a kan Baban Famfo suke. Shi ya riƙa nunawa. Da injiniyan ya ga hannunsa bai rawa, sai ya koya masa haɗa ƙaron: ruwa biyu ne, a auna, a gauraya, a ɗura kafin ya fara kauri. Abin ya burge shi ƙwarai. Ranar da aka buɗe famfon hawa na ɗaya ruwa ya zubo fari ƙal, dariya ya yi kamar yaro.

A mako na uku tsakanin yatsunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya ce zufar safar hannu ce. Sai ƙuraje suka feso, suka fashe, fatar ta tsattsage har wuyan hannu. In ya tashi da safe fatar idonsa a kumbure. Wata tsohuwar nas da ke hawa na huɗu ta gan shi yana murɗa kan famfonta da gefen tafi, ta ce, "Cire safar nan in gani."

Ya cire. Ta daɗe tana kallo.

"Jininka bai haɗu da ƙaron nan ba. Irin wannan in ya kama mutum ba ya saki. Ko ɗigo ya taɓa ka zai tashi. Ka je asibiti, amma abin da za su gaya maka ke nan: ka bar shi."

Haka likitan ya ce, ya ba shi man shafawa.

Ya daure aka gama benen, don bai iya barin aiki a tsakiya ba. A ransa yana cewa in an gama shi ke nan, ya huta. Ranar da aka kwashe tiyo ɗan mai gida ya same shi a bakin ɗaki, yana ta murna.

"Baba, injiniya ya ce bututun nan sun fi ƙarfin yoyo yanzu. Ka ga gidan ba ya bukatar mai gyara a zaune. Amma kai namu ne. Na yi magana da shi, zai ɗauke ka, akwai gidaje da yawa a gabansa. Ɗakinka kuma yana nan muddin kana tare da mu."

Baban Famfo ya buɗe baki, hannayensa na ɓoye cikin aljihu. Abin da ya fito shi ne, "To, na gode. Allah ya yi albarka."

Matarsa na bayan labule, ta ji komai.

"Me ya hana ka nuna masa?"

"In nuna masa ya ce me? Ya ce sannu, ya ba mu wata uku mu nemi wuri?"

"Mu koma wajen babban yaronka."

"Ɗaki ɗaya, da matarsa da 'ya'ya huɗu. A kan kabad za mu kwana?"

Ita ma ta san 'yan matan biyu suna gidajen mazajensu, shi kuma ba ya zama gidan suruki ko da me.

Bai zauna ba. Kwana huɗu yana zaga wuraren da ake sabon gini. Wani ɗan kwangila ya dubi furfurarsa, ya dubi yatsun da aka naɗe da bandeji, ya ce, "Baba, je ka huta, ka bar wa yara." Wani ya miƙa masa sifana ya gwada. Ya matse noti ɗaya, fatar ta buɗe, jini ya ɓata ƙarfen. Ya ajiye ya fita bai jira magana ba.

Ranar Litinin ya shiga motar injiniya. Da mutumin ya ga hannun sai ya yi salati, ya cire shi daga haɗa ƙaro, ya sa shi wajen injin iska yana duba allurar ma'auni. An sami sauƙi, amma ba a rabu ba. Tiyon da yake naɗewa, jarkar da yake saukewa, kujerar motar, ko'ina akwai ɗan danƙon abin. Hannun ya lafa kwana biyu, ya tashi kwana biyar. Gidajen da suke zuwa kuma baƙi ne gare shi, bai san hanyar bututunsu ba, ba wanda ke tambayarsa komai.

Shekara biyu ke nan. Cokali yake cin abinci da shi yanzu, riƙon yara. Da safe matarsa ke ɓalla masa maɓallan riga, don yatsun ba sa lanƙwasa sai rana ta ɗaga.

"Tsaya mana," ta ce wata safiya. "Sai motsi kake kamar ɗan yaye."

"Mota na jira."

"Ta jira. Yau za ka gaya wa ɗan mai gidan nan ko ni in je in gaya masa?"

"Bari a gama wannan gidan tukuna."

"Haka ka ce a wancan."

Aka danna hon a waje. Ta tura masa man shafawar cikin aljihu, ta riƙe masa ƙofa, ya fita.